DARASI NA 18: ZAƁEN LIKITAN GWIWA GA MAI KATIN INSHORA

Jama'a, a darasin da ya wuce mun koyi yadda a ke karanta takarda kafin a sa mata hannu. Yau za mu ga wurin da wannan ilmi ya ke yi wa mutum rana. Za mu yi magana a kan gwiwa, da likitan da ke yi mata aiki, da kamfanin da ya yi alkawarin biyan kuɗin aikin.

Kowa ya san amfanin gwiwa. Da ita mu ke zuwa gona da kasuwa, da ita mu ke hawa keke, da ita mu ke ruku'u da sujada. Muddin tana lafiya ba mai tunawa da ita. Ran da ta soma ciwo kuwa, ko tashi daga tabarma sai ya zama aiki. Mutum ya rasa barci, sana'a ta tsaya, iyali su shiga wahala.

Yau da yawa daga cikinmu muna da katin inshorar lafiya. Waɗansu wurin aiki ne ya ba su, waɗansu 'ya'yansu ne suka saya musu. Mai kati ya kan ɗauka ya gama, duk asibitin da ya shiga za a yi masa aiki kyauta. Ba haka abin ya ke ba. Kati ba ya zaɓa wa mutum likita, ba ya kuma biyan kome da kome. Mai gwiwa shi zai bincika, shi zai zaɓa, gama shi zai yi tafiya da ƙafar har iyakar ransa.

YADDA GWIWA TA KE

Ƙashi uku ne suka haɗu a gwiwa: ƙashin cinya a sama, ƙashin ƙauri a ƙasa, da ƙoƙon gwiwa a gaba. Bakin kowane ƙashi yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, don kada ƙashi ya gogi ƙashi. A tsakani kuma akwai waɗansu guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata, suna aiki kamar gammo a kan mai ɗaukar kaya. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke riƙe da gaɓar don kada ta goce.

In shekaru suka yi yawa, ko jiki ya yi nauyi, ko mutum ya taɓa jin rauni a wurin, sai guringuntsin ya riƙa cinyewa. In ya ƙare, ƙashi ya soma gugar ƙashi. Shi ne ciwon da mu ke kira amosanin gaɓa. Gwiwa ta kan kumbura, ta sage da safe, ta riƙa ƙara in an motsa ta. Wani har ƙafarsa ta kan karkace.

Ba kowane ciwon gwiwa ne ke bukatar wuƙa ba. Yawancin masu wannan ciwo su kan sami sauƙi da gashin ƙashi, da motsa ƙafa don naman cinya ya yi ƙarfi, da riƙe sanda, da rage ƙiba. Masana sun auna sun ga in mutum ya rage nauyin kilo 1, ya rage wa gwiwarsa nauyin wajen kilo 4 a kowane taki. Amma mu yi hankali da ƙwayoyin kashe ciwo da mu ke saye a kemis muna sha kullum ba da izinin likita ba. Sun iya ɓata ciki da ƙoda.

In duk wannan bai yi ba, sai a zo ga maganar tiyata. Aikin gwiwa iri iri ne. Akwai gyaran karaya. Akwai aikin madubi, watau a huda 'yan ƙananan ramuka a zura madubi da kayan aiki, a gyara jijiya ko guringuntsin da ya yage. Akwai kuma canjin gwiwa, shi ne babba. Likita ya kan share bakin ƙasusuwan da suka lalace, ya sa musu hular ƙarfe, ya sa roba mai tauri a tsakani. Aikin ya kan ɗauki awa 1 zuwa 2. Irin gwiwar ƙarfen da a ke yawan sawa yau ta samo asali ne daga wadda Dakta John Insall da abokan aikinsa suka fito da ita a birnin New York na Amurka a 1974.

MENE NE INSHORAR LAFIYA?

Duk mun san adashi. Kowa ya zuba, ran da kwana ya zo kan mutum ya ɗauka. Inshorar lafiya ta yi kama da haka, sai dai ba a ɗauka bi da bi. Mutane da yawa su kan zuba kuɗi kowane wata ko kowace shekara, wanda ciwo ya kama shi a ke biya wa asibiti daga cikin kuɗin.

A Nijeriya an yi dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda a ke taƙaita sunanta da NHIA. Akwai tsarin gwamnatin tarayya, akwai na jihohi, akwai kuma na kamfanoni masu zaman kansu da a ke kira HMO. A kan waɗannan kamfanoni darasinmu ya ke. Hukumar NHIA ce ke ba su izinin aiki, ita ce kuma ke duba su.

Kamfani ɗan kasuwa ne. Yana da tsari na mai ƙaramin kuɗi, da na matsakaici, da na babba. Abin da kowane tsari zai biya yana rubuce a takarda. Abin da ba a rubuta ba, ba za a biya ba, ko da wa ya faɗa da baki.

LABARIN WANI DIREBA

A wani ajinmu na yaƙi da jahilci akwai wani dattijo, direban wani kamfani. Ya yarda mu ba da labarinsa don jama'a su amfana, amma ba za mu faɗi sunansa ba.

Shekara shida gwiwarsa ta dama tana damunsa. Wurin aiki sun ba shi katin inshora tare da wata takarda mai shafi da yawa. Da ya ke bai iya karatu ba a lokacin, sai ya dangwala yatsa inda aka nuna masa, ya jefa takardar cikin akwati. Ran nan a tasha wani ya ba shi labarin wani asibitin kuɗi, ya ce nan aka gyara wa surukarsa ƙafa. Direba bai tambayi kowa ba, ya nufi can. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce sai canjin gwiwa. Aka sa rana. Aka ce ya ba da kafin alkalami don a sayo ƙarfe. Ya ranto ya bayar, yana cewa a ransa ai kamfani zai mayar masa.

Ana saura kwana biyu ya je wurin akawun asibiti ya miƙa kati. Akawu ya juya katin ya ce, "Baba, ina lambar amincewa?"

Ya ce, "Wace lamba kuma, ɗana? Ga lamba nan a jikin kati."

Akawu ya ce, "Ba wannan ba, Baba. Wadda kamfani ke bayarwa kafin a yi aiki. Mu ma ba mu cikin asibitocin wannan kamfani."

Direba ya garzaya ofishin kamfanin. Aka buɗe masa takardar da ya dangwala wa yatsa, aka karanta masa. Ashe an rubuta ba a biyan aikin da aka yi a asibitin da ba ya cikin jerinsu. An kuma rubuta tsarinsa ba ya biyan ƙarfen da a ke sawa a jiki. Ga shi an riga an sayo ƙarfe, kuɗi ba su dawowa. Ƙarshenta sai da ya sayar da filin da ya saya don ya gina wa 'ya'yansa gida. An yi aikin, ƙafa ta yi sauƙi, amma fili ya tafi.

Wannan shi ya sa ya shigo aji. Za mu koma kan labarinsa can gaba. Yanzu mu duba abin da ya kamata ya yi tun farko.

MATAKI NA FARKO: KARANTA TAKARDA

Yawancin waɗannan takardu da Turanci a ke rubuta su. Kada wannan ya karya mana gwiwa. Adadin kuɗi da kwanan wata duk ɗaya ne a Hausa da Turanci, mun kuwa iya karanta su. Sauran maganar mu sami ɗa ko malamin aji ya fassara mana, mu kuma mu rubuta da Hausa a littafinmu. Ga abin da za mu nema:

1. Shin tsarinmu yana biyan babban aikin tiyata? Akwai tsarin da ke biyan ƙananan ayyuka kaɗai.

2. Nawa ne iyakar abin da za a biya a shekara? Yawanci a kan yanka wa tiyata iyaka. In kuɗin aiki ya wuce iyakar, sauran a kan mai ciwo ya ke.

3. Yana biyan ƙarfen gwiwa? Wannan ita ce babbar tambaya. Ƙarfen daga ƙasashen waje a ke kawo shi, kuɗinsa yana hawa da hawan dala, ya kan kuma zama kaso mai tsoka cikin kuɗin aikin duka. Tsare tsare da yawa ba su biyansa.

4. Akwai wa'adin jira? Waɗansu kamfanoni ba su biyan babban aiki sai mutum ya yi watanni da shiga.

5. Yaya maganar tsohon ciwo? Waɗansu ba su biyan ciwon da mutum ya shigo da shi. Duk da haka kada mu ɓoye ciwo ran cika takarda. In kamfani ya gano ƙarya yana iya ƙin biya ɗungum.

6. Gashin ƙashi sau nawa za a biya bayan aiki? Kwana nawa za a biya na kwanciya?

7. Waɗanne asibitoci ne ke cikin jerin kamfanin? Mu roƙi jerin na yanzu, gama ya kan canja.

Kowace amsa aka ba mu, mu ce a rubuta mana a takarda ko a aiko ta waya. Mu rubuta sunan ma'aikacin da ya amsa da kwanan wata. Magana ta baki ba ta zama shaida ran gardama.

MATAKI NA BIYU: BIN HANYA

Mai katin HMO ba ya faɗa wa likitan ƙashi kai tsaye. Akwai hanyar da a ke bi. Da fari ya je asibitin da ya yi rajista da shi. Likitan nan ya duba shi, in ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya rubuta takardar turawa zuwa wurin ƙwararre. Sa'an nan asibiti ya nemi lambar amincewa daga kamfani. In lambar ta fito, kamfani ya ɗauki nauyi ke nan. Lambar ganin likita dabam, ta hoton ƙashi dabam, ta tiyata dabam. Kada mu yarda a sa ranar aiki, kada mu ba da ko kobo na ƙarfe, sai mun ga lambar tiyata da idonmu mun kwafe ta a littafi.

A nan ne mutum ke da bakin zaɓe. In an ce za a tura mu wuri kaza, muna iya cewa, "Likita, wane ne kuma a cikin jerin? Ina so in san su kafin in zaɓa." Wannan ba rashin ladabi ba ne. Matambayi ba ya ɓata.

In kamfani ya ƙi biyan abin da ya rubuta zai biya, mu kai kuka ofishinsa a rubuce. In bai saurara ba, Hukumar NHIA tana da ofisoshi a jihohi, a kai ƙara can.

MATAKI NA UKU: GANE LIKITA

Ba duk mai farar riga ne likita ba, ba duk likita ne likitan ƙashi ba, ba kuma duk likitan ƙashi ne ya saba da canjin gwiwa ba.

Likita a Nijeriya ya kan yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekara 1 yana koyon aiki a asibiti. A bayan sunansa za mu ga MBBS ko makamancin haka. Dole sunansa ya kasance a rajistar Majalisar Likitoci ta Nijeriya, watau MDCN, wadda asalinta tun 1963. Kowace shekara kuma ya kan sabunta lasinsa.

Wanda zai zama likitan ƙashi ya kan ƙara wajen shekara 5 ko 6 yana horo, ya ci jarrabawa. Makarantu biyu ne ke ba da wannan shaida a nan: Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, wadda ta faro a Ibadan a 1960. Wanda ya gama za mu ga FWACS, ko FMCS, ko FMCOrtho a bayan sunansa. Mun iya baƙaƙe, sai mu duba allon ƙofarsa da hatiminsa. Amma da ya ke likitan tiyatar ciki ma yana iya ɗaukar FWACS ko FMCS, mu tambaya a fili, "Likita, fanninka ƙashi ne?"

Ina a ke samun irin waɗannan likitoci? Akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa a 1959. Akwai irinsa a Igbobi ta Legas da Inugu. Akwai sashen ƙashi a asibitocin koyarwa, kamar na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da Maiduguri, da Jos. Akwai kuma asibitocin kuɗi. Kyan gini da sanyin ɗaki ba su ne shaida ba. Hannun likita da tsabtar wuri su ne shaida.

Muna girmama maɗoran gargajiya, mun san sun daɗe suna taimakon jama'a. Amma guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa da ɗori ko tsaga. Tsaga ma tana iya sa ƙwayoyin cuta a wurin da za a yi aiki.

TAMBAYOYI BAKWAI GA LIKITA

Mu rubuta su a takarda tun daga gida, mu tafi da wani ɗan'uwa don kunne ya zama huɗu.

Ta ɗaya: "Me ka gani a hoton? Akwai abin da zan gwada kafin wuƙa?" Likitan kirki zai ɗaga hoton ya nuna mana wurin da ƙashi ya haɗu da ƙashi. Ba hoto a ke yi wa aiki ba, mutum a ke yi wa. In ciwon bai hana barci da tafiya da sana'a ba, mai yiwuwa lokaci bai yi ba.

Ta biyu: "Wane irin aiki za ka yi, don me?" In ciwonmu amosani ne na tsufa aka ce za a wanke gwiwa da madubi, mu dakata. A 2002 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Houston na Amurka da mutum 180 masu wannan ciwo. Waɗansu aka yi musu aikin madubi, waɗansu aka tsaga fata kaɗai aka ɗinke ba su sani ba. Bayan shekara 2 waɗanda aka yi wa aikin ba su fi sauran samun sauƙi ba. Aikin madubi yana da amfani ga jijiyar da ta tsinke da waɗansu raunuka, amma ba shi ne maganin amosani ba.

Ta uku: "Irin wannan aiki guda nawa ka ke yi a shekara?" Mun san telan da ke ɗinka babbar riga kullum ya fi wanda ke ɗinka ta salla salla. Haka likita. Bincike ya nuna likitoci da asibitocin da ke yawan yin wannan aiki sun fi ƙarancin matsala. A waɗansu ƙasashe har rajista a ke yi ta kowace gwiwar da aka canja. Suwidin ta fara tata a 1975, Ingila ta fara a 2003. Mu kuwa bakinmu shi ne hanyarmu, sai mu tambaya.

Ta huɗu: "Wace matsala ka iya faruwa, me ka ke yi in ta faru?" Cikin mutum 100 da aka canja wa gwiwa, 1 ko 2 ƙwayoyin cuta kan shiga wurin aikin, wani lokaci har sai an sake buɗewa. Jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Gwiwa tana iya sagewa. Wajen mutum 1 cikin 5 kuma ya kan ci gaba da jin ciwo, ko ya ga sauƙin bai kai yadda ya zata ba. Likitan da ya ce a hannunsa ba a taɓa samun matsala ba, mu yi masa godiya mu nemi wani.

Ta biyar: "Wane ƙarfe za ka sa, zai kai shekara nawa?" A 2019 masana na Jami'ar Bristol a Ingila suka tattara lissafin ƙasashe da dama. Suka ga cikin gwiwa 100 da aka canja, wajen 82 suna nan suna aiki bayan shekara 25. Mai ƙananan shekaru ya sani ƙarfe na iya gajiya yana da sauran rai, aiki na biyu kuwa ya fi na farko wuya da tsada. Mu roƙi a rubuta mana sunan ƙarfen da lambarsa, mu adana.

Ta shida: "Zan iya durƙuso da zaman tahiya? Zan iya tsuguno?" Wannan tambaya tamu ce, kada kunya ta hana mu yin ta. Sabuwar gwiwa ta kan lanƙwashe har mutum ya zauna a kujera, ya hau matakala, ya shiga mota. Amma zaman tahiya da tsuguno suna bukatar lanƙwasa fiye da haka, mutane da yawa ba su samun ta. Malamanmu sun bayyana cewa wanda ya kasa yana iya salla a zaune. Bayan gida kuwa sai a tanadi na zama tun kafin a dawo daga asibiti.

Ta bakwai: "Kai ne za ka yi aikin da hannunka? Ka yarda da kuɗin da kamfani ke biya, ko akwai ciko?" Kamfani yana da farashin da ya yanka wa kowane aiki. Wani asibiti ya kan nemi ƙari daga mai ciwo. Mu roƙi lissafin duka a rubuce: na likita, da na mai allurar barci, da ɗakin tiyata, da ƙarfe, da jini, da gado, da magani, da gashin ƙashi.

Mu kuma mu faɗa wa likita gaskiya. In muna da ciwon sukari, ko hawan jini, ko sikila, ko muna shan taba, ko an yi mana allura a cikin gwiwa kwanan nan, mu faɗa. Duk waɗannan suna da nasaba da warkewar rauni.

In zuciya ba ta kwanta ba, mu nemi kamfani ya ba mu izinin ganin likita na biyu. Amosani ba gobara ba ne. Jinkirin wata guda don bincike ba ya kashe ƙafa. Wanda ke gaggauta mu, ko dillalin da ke jan mu zuwa wani asibiti a nan ko a ƙasar waje, mu tambayi kanmu me zai samu. Masu niyyar fita Indiya ko Masar su sani kamfani ba ya biya sai in an rubuta haka a tsarinsu. Su kuma san likitan da zai duba su in sun dawo.

BAYAN AIKI

Aikin likita rabi ne, rabi na mai gwiwa ne. A kan tashe mutum ya taka ƙafar ran aikin ko kashegari. Zai yi makonni yana dogara sanda, yawanci har wajen mako 6. Cikakken sauƙi yana iya kai shekara guda. Wanda ya kwanta don tsoron ciwo, gwiwarsa za ta sage. Saboda haka kafin mu zaɓi asibiti mu tambaya ko suna da masu gashin ƙashi, mu kuma auna nisansa da gida. Asibitin da ba mu iya komawa duk mako, ko yaya ya ke da kyau, zai ba mu wahala.

In an sallame mu sai muka ga zazzaɓi, ko ruwa ko mugunya na fita daga ɗinki, ko sha'raɓa ta kumbura tana zafi, ko ƙirji na ciwo numfashi na sarƙewa, mu koma asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne. A irin wannan hali ba a jiran lamba. A kai mutum tukuna, a sanar da kamfani daga baya.

ƘARSHEN LABARIN DIREBA

Bayan shekara uku gwiwar direba ta hagu ta soma. A lokacin ya iya karatu da rubutu. Ya ɗauko takardar kamfani, shi da 'yarsa suka bi ta shafi shafi, yana rubutawa da Hausa. Ya karɓi takardar turawa da lamba. Ya ga likita biyu cikin jerin, ya karanta wa kowanne tambayoyinsa bakwai.

Likita na biyu ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Malam, wa ya rubuta maka waɗannan?"

Ya ce, "Ni na rubuta da hannuna, Likita."

Likita ya ɗaga hoto ya nuna masa, ya ce, "To, ka ga nan da sauran guringuntsi. Wannan ƙafa ba ta isa wuƙa ba tukuna. Je ka wurin masu gashin ƙashi, ka rage tumbi, ka dawo bayan wata shida."

Gashin ƙashi yana cikin tsarinsa, kamfani ya biya. Ya san wata rana aikin na iya zuwa, ya kuma san kamfani ba zai sayi ƙarfe ba. Saboda haka ya shiga adashi yana tarawa tun yanzu. Wannan likita kuwa shi ya ce zai ba ƙafarsa in ranar ta zo.

ABIN TUNAWA

Takarda tukuna, sa'an nan lamba, sa'an nan likita, sa'an nan wuƙa. Kada mu dangwala yatsa ko mu sa hannu a abin da ba mu gane ba.

SABABBIN KALMOMI

Inshora. Guringuntsi. Amosani. Tiyata. Takardar turawa. Lambar amincewa. Wa'adin jira. Gashin ƙashi.

TAMBAYOYI

1. Ƙashi nawa ne suka haɗu a gwiwa? Faɗi sunayensu.
2. Wane kuskure direba ya yi da fari?
3. Mene ne bambancin lambar kati da lambar amincewa?
4. Don me mu ke tambayar likita yawan aikin da ya ke yi a shekara?
5. Faɗi alamu uku da za su sa a koma asibiti nan da nan.

LISSAFI

Waɗannan kuɗi misali ne kawai don koyon lissafi. A ce asibiti ya rubuta: likita da ɗakin tiyata N1,500,000, ƙarfe N2,500,000, gado da magani N600,000, gashin ƙashi N200,000. Nawa ke nan duka? In iyakar kamfani N2,000,000 ce, nawa mai ciwo zai cika? In yana tara N100,000 a wata, wata nawa zai yi kafin ya haɗa cikon?

AIKIN GIDA

Kowa ya rubuta wasiƙa gajeriya zuwa ga kamfanin inshora, ya tambaya ko tsarinsa yana biyan ƙarfen gwiwa, da iyakar kuɗin tiyata a shekara. Kada a manta da kwanan wata da sa hannu. Mai kati ya zo da takardarsa aji ran Litinin, mu karanta tare.